MAI ƊAKIN ALFARMA YA HUTA, SHI KUMA MAI YI MASA HIDIMA FA?

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Makon jiya wani tsohon maigidana da ya yi ritaya ya turo bidiyo a zaurenmu na WhatsApp. Yana cikin irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, sun taso daga Basalona suna zaga Bahar Rum. Ɗaki ciki da falo, ga baranda tana kallon teku, ga wani saurayi ɗan Filifin cikin baƙar kwat da farar safar hannu yana jera masa kaya a wadirof. A ƙasan bidiyon ya rubuta: “Ga batla na, ko tari na yi sai ya leƙo.”

Nan take zaure ya rabu biyu. Wasu suna ta “Allah Ya kai mu, Yallaɓai.” Wasu kuma suka koma gefe suna cewa wannan ai bauta ce, ƙato da shi yana ninke wa ƙato wando. Ni dai na yi shiru, don mutumin babba ne a wurina, kuma kuɗinsa ne, ban ga dalilin da zan sa masa ido ba.

Bayan kwana uku sai ga ɗan yayata ya zo gida da waya a hannu. Ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, shekara biyu ke nan yana zaune. Wani ejan ya yi masa alkawarin aiki a irin wannan jirgi, wai har da yiwuwar zama batla, amma sai ya fara biyan naira miliyan ɗaya da rabi. Yana so in sa baki mahaifiyarsa ta sayar da filinta. To kun ga magana ta tashi daga zauren WhatsApp ta shigo tsakar gidana. Ni kuwa abin da na iya a duniya, bayan shekara goma sha tara ina juya fayil, shi ne karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan takarda. Sai na zauna na karanta. Abin da na gani ne ya sa nake faɗa da ɓangarorin nan biyu gaba ɗaya.

Bari mu fara da abin da ake sayarwa. Fasinja na gama-gari a jirgin yana da mai gyara masa ɗaki, shi ke nan. Wanda ya kama ɗakin alfarma shi ake haɗawa da hadimi na musamman, batla. Asalin kalmar daga tsohon Faransanci take, ana nufin mai kula da kwalaben abin sha a gidan manya. Yau aikin ya wuce nan. Shi zai tarbe ka ya wuce da kai ba tare da bin layi ba. Shi zai kwance akwatinka ya rataye kaya, ya kai guga, ya goge takalmi. Ya kawo karin kumallo baranda, da la'asar ya kawo shayi da ɗan abin taɓawa, da dare in ka ga dama ya shimfiɗa maka tebur a falo yana kawo abinci kashi-kashi. Ya kama maka wuri a gidan cin abinci da gidan kallo, ya haɗa ruwan wanka, ya kawo matasan kai iri-iri ka zaɓa. Ranar sauka ya sake shirya akwatin.

Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa abin. Norwegian suna da The Haven, wani sashe a saman jirgi da ba a shiga sai da kati na musamman. MSC suna da Yacht Club tun 2008. Cunard suna ba masu ɗakunan Queens Grill batla. Silversea kuwa kowane ɗaki a jirginsu yana da shi. Royal Caribbean suka kira mai yi wa manyan ɗakunansu hidima Royal Genie, wato aljanin nan na tatsuniya da ake goga fitila ya fito ya biya maka buƙata.

Ku riƙe wannan sunan, don shi ne ya tona asirin cinikin. Aljanin fitila ba ya barci, ƙafarsa ba ta kumbura, ba shi da 'ya a Manila da aka yaye ba ya nan. Abin da ake so baƙo ya ji ke nan: akwai wani da ba shi da wata rayuwa sai jiran kiranka. Gadon da barandar duk otal ma yana da su. Abin da ya ninka kuɗin ɗakin har da wannan jin cewa ka mallaki lokacin wani ɗan Adam.

Kada a fahimce ni a karkace. Raba fasinjoji aji-aji bai dame ni ba, jirgin sama ma haka yake, mai kuɗi ya miƙe ƙafa, mu kuma mu takure a baya. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Tambayata uku ce kawai: awa nawa mutumin nan yake aiki, dokar wace ƙasa ce take kare shi, kuma wa yake biyansa?

Ta farko. Akwai yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan jiragen ruwa da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 2006, ta fara aiki ranar 20 ga Agusta 2013. Nijeriya ma ta rattaba mata hannu a 2013. Ta shafi duk mai aiki a cikin jirgi, har mai wanke kwano da batla. Ta ba ƙasashe zaɓi biyu. Ko dai a ƙayyade aiki kada ya wuce awa 14 a yini da awa 72 a mako, ko kuma a ƙayyade hutu kada ya gaza awa 10 a yini da awa 77 a mako. Hutun ana iya raba shi gida biyu, muddin ɗaya ya kai awa 6.

Yanzu ɗauko biro. Mako awa 168 ne. Cire 77, saura 91. Wato a ƙarƙashin zaɓi na biyu mutum zai iya yin aikin awa 91 a mako kuma ba a karya doka ba. Ni da nake shiga ofis ƙarfe takwas in tashi huɗu, Litinin zuwa Juma'a, awa 40 nake yi a takarda, kuma ku da ni mun san yadda muke yi da ranar Juma'a. Shi wannan ba Asabar ba Lahadi. Kwantiragin masu aikin ɗakuna da abinci yakan kai wata shida zuwa tara, kwana bakwai a mako, ba ranar da za a ce yau taka ce tun daga safe har dare. Ranar da tsofaffin fasinjoji suka sauka, a ranar sababbi suke hawa, ita ce ma ranar da ta fi kowace wahala.

In an rubuta a talla cewa hidimar batla ta awa 24 ce, gaskiya ba mutum ɗaya ne yake tsaye dare da rana ba, akwai masu karɓar dare. Amma kuma ba ɗaki ɗaya yake yi wa aiki ba. Jerin ɗakuna ne a wuyansa, kowane mai ɗaki yana jin shi kaɗai ne, kowa da lokacin shayinsa da irin rigimarsa. In ya gama sai ya sauka can ƙasan jirgi, inda ɗakunan ma'aikata suke, galibi ba taga, gado sama da ƙasa, mutum biyu. Doguwar hanyar da ta ratsa wannan sashe ma'aikata suna kiranta I-95, sunan babban titin da ya bi gabar gabashin Amurka har Miami. Fasinja ba ya ganin wannan hanyar, kuma an tsara jirgin ne yadda ba zai gan ta ba.

Ta biyu, dokar wa? A teku jirgi yana bin dokar ƙasar da ya ɗaga tutarta. Ɗauki Icon of the Seas, wanda ya fara jigila daga Miami a Janairun 2024. Yana iya ɗaukar fasinja kusan 7,600 da ma'aikata 2,350. Ofishin kamfanin yana Miami, yawancin fasinjojin daga Amurka suke, da dala ake biya. Tutar jirgin kuwa ta Bahamas ce, shi kuma kamfanin a Laberiya aka yi masa rajista, nan maƙwabtanmu a Afirka ta Yamma. Uwar kamfanin Norwegian tana da rajista a Bamuda. Da yawa daga cikin sauran jiragen in ka duba bayansu za ka ga Panama ko Malta ko Bahamas.

Ba don son Laberiya ko Bahamas aka yi haka ba. An yi ne don haraji ya yi sauƙi, kuma don dokar mafi ƙarancin albashi da ta kuɗin ƙarin lokaci ta Amurka kada ta hau jirgin. Hujja kuwa ga ta a fili. Akwai wani babban jirgi mai suna Pride of America da yake zaga tsibiran Hawaii da tutar Amurka. Saboda wannan tutar dole ya ɗauki ma'aikata daga Amurka ya kuma bi dokar ƙwadagonta. Shi ya sa irinsa bai yi yawa ba. Ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, tun 1948 take yaƙi da wannan ɗabi'a ta aron tuta, har yau ba a gama ba. Saurayin nan ɗan Filifin, yana yi wa ɗan Nijeriya hidima, a jirgin da aka yi wa rajista a wata ƙasa ta uku, a ruwan ƙasa ta huɗu. Ranar da aka zalunce shi, ƙofar wa zai buga?

Ta uku, wa yake biya? A yawancin manyan jiragen nan ana ɗora wa kowane fasinja wani kuɗin hidima kullum a kan lissafinsa, na masu ɗakin alfarma ya fi yawa, a ce za a raba wa ma'aikata. Wato wani ɓangare na abin da ma'aikaci zai kai gida an cire shi daga kuɗin tikiti an mai da shi tukwici. Kamfanin Norwegian ma da kansa ya bayyana cewa batla ba ya cikin masu cin wannan kason, sai dai baƙo ya ba shi nasa daban gwargwadon yadda ya ji daɗi. Idan baƙon mai hannun kyauta ne, madalla. Idan irin mutanen nan ne da ake cewa ko ƙuda ba ya sauka a hannunsu, to an yi mako guda ana goge masa takalmi a kan “na gode”.

Kuma ba dole ba ne a yi haka. Silversea sun sa tukwicin cikin kuɗin tafiya tun farko. Ashe dai ana iyawa.

Bayan tukwici akwai takardar jin ra'ayi da ake tura wa fasinja in ya sauka. Abin da ya rubuta yana shiga lissafin ma'aikaci. Kwantiragi kuwa in ya ƙare ya ƙare, ba wanda ya yi maka rantsuwar za a sake kiranka. To mutumin da abincin 'ya'yansa na baɗi yake rataye da alƙalamin baƙo, yaya zai yi ya ce “Yallaɓai yi haƙuri, lokacin hutuna ne”?

A nan ne abin ya taɓa ni, don na san wannan murmushin. Ina mataki na 8 aka haɗa ni da wani darakta. A takardar ɗaukata aiki ba inda aka ce in riƙe jaka, amma shekara uku ina riƙe da ita. Na san cokali nawa na sukari yake sha. Na san in ya shigo yana kaɗa makulli to ranar ba a kai masa fayil. Na sha tsayuwa a bakin ɗakin taro har bayan isha'i, matata tana da tsohon ciki a gida. Ba wanda ya tilasta min da baki. Fom ɗin tantance aikina na ƙarshen shekara ne yake hannunsa, shi ke nan. Kuma wallahi in ya tashi yabona a gaban mutane cewa yake, “Yaron nan ba ya gajiya.” Ina gajiya mana. Nuna ta ne ba ni da halin yi. Saboda haka da na ga saurayin nan yana murmushi a bidiyo, ban ce ƙarya yake ba, ban kuma ɗauke shi hujjar cewa komai lafiya ba.

Wanda yake son ganin matsayin kowa a jirgi ya tuna 2020. A watan Fabrairu aka killace Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum kusan 3,700, sama da 700 suka kamu da korona. An ce fasinjoji kowa ya zauna a ɗakinsa. Wa ya ci gaba da dafa abinci yana bin ƙofa-ƙofa da shi? Ma'aikata, waɗanda suke kwana a cunkushe suna cin abinci tare. Ranar 14 ga Maris hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta dakatar da tashin jiragen. Fasinjoji suka koma gidajensu, dubban ma'aikata kuwa suka yi wata da watanni a kan ruwa suna jiran a ba su hanyar komawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu ga masu cewa bauta ce. Ku yi a hankali da bakinku. Aikin hidima ba abin kunya ba ne, kuma batla ƙwararre ne. Ya san tsarin tebur, ya san kula da tufafi masu tsada, yana jin Turanci, wani har da harshe na uku, ya iya zama da mutum mai wuyar hali ba tare da an ji kansu ba. Yana cikin waɗanda suka fi samu a masu aikin ɗakuna. Mutanen Filifin da Indonesiya da Indiya da yawa sun gina gidaje sun sa 'ya'ya a makaranta da wannan aiki. Yana da takardar kwantiragi, yana da magani in ya yi rashin lafiya a jirgi, kamfani ne yake biyan kuɗin komawarsa gida. Mu da muke masa dariya, yarinyar da take mana wanke-wanke tun asuba, wadda aka kawo daga ƙauye, takarda nawa muka rubuta mata? Awa nawa take hutawa? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ga masu cewa kuma ai dala yake ci, ya gode wa Allah. Na ji. Amma ku raba dalar da yawan awoyin, ku cire watannin da zai zauna a gida tsakanin kwantiragi da kwantiragi, ku sa kuɗin sunan ɗa da jana'izar uwa da aka yi ba ya nan. Kuma ku lura, wannan magana taku ita ce jarin kamfanin. Ana zuwa ɗaukar ma'aikata a ƙasashen da talauci ya sa kowane tayi ya zama alheri, sai a auna albashin da yunwar garinsu, a auna kuɗin ɗakin da aljihun Miami. Ratar da ke tsakani ita ce riba. Cewa mutum ya fi maƙwabcinsa na gida samu bai nuna an biya shi hakkin guminsa ba.

Abin da nake ganin ya dace ba wani abu ne mai wuya ba. A sa cikakken albashin ma'aikaci cikin kuɗin tikiti, tukwici ya koma kyauta ta gaskiya. A ba shi yini guda cur a mako. Kamfanin da ya iya lissafa wa baƙo irin matasan kai da zai zaɓa, ya iya faɗa masa ɗaki nawa batla ɗaya yake riƙe da su. In kuɗin ɗakin ya ƙaru, wanda ya iya kama ciki da falo a tsakiyar teku ba wannan ne zai karya shi ba.

Ku kuma 'yan uwa da Allah Ya hore wa zuwa, ku je lafiya ku dawo lafiya. Amma ku tambaya tun ranar farko ko batla yana cikin kuɗin hidimar da aka ɗora muku, in ba ya ciki ku ware masa nasa. Ku rubuta sunansa a takardar jin ra'ayi. Kada ka kira mutum ƙarfe biyun dare don kawai ka gwada ko zai zo. Kuma kafin ka ɗora fuskarsa a intanet ka nemi izininsa, ka kuma san cewa ko ba ya so da wuya ya iya ce maka a'a.

Matasa masu neman wannan aiki, ga abin da na faɗa wa ɗan yayata. Yarjejeniyar 2006 ta hana a karɓi kuɗi a hannun ma'aikaci don a sama masa aikin jirgi. Abin da ke kanka shi ne fasfo, da takardar gwajin lafiya, da littafin shaidar ma'aikacin jirgi. Kuɗin biza ma a wuyan mai jirgi yake. Kana da hakkin ka karanta kwantiragi ka nemi shawara kafin ka sa hannu. A Nijeriya hukumar NIMASA ce take kula da harkar ma'aikatan jiragen ruwa, ka bincika ko ta san da ejan ɗin. Sannan ba a fara wa daga batla. Sai wanda ya yi shekaru a otal ko a jirgin, yana gyaran ɗaki ko kai abinci, ake ɗagawa zuwa nan. Duk wanda ya ce kawo miliyan ɗaya da rabi gobe ka sa farar safar hannu, filin uwarka yake so.

Yaron bai ji daɗi ba. Ya dube ni ya ce, “Kawu, kai kana da albashi.” Maganar ta zauna min, don gaskiya ya faɗa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024, wanda ba ya sayen buhun shinkafa ya bar canjin kirki, ba ni da bakin ce wa matashi kada ya tafi. Ban kuma ce masa kada ya tafi ba. Na ce fili ba za a sayar ba. Na yi magana da wani abokina, ranar Litinin zai fara koyon aiki a wani otal a nan gari. In ya yi shekara biyu ya ga zai iya tsayuwar da murmushin, ya nemi aikin ta hanyar da ba a biyan ko kwabo, ni da kaina zan raka shi filin jirgi. Amma zai tafi ya san lissafin awa 91, ya san tutar da ke bayan jirginsa.

Shi kuma tsohon maigidana, na san yana karanta ni a nan. Yallaɓai, ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da ɗanka, ba da kai nake ba, kuma na san kai mai kyauta ne. Bidiyo huɗu ka turo mana, mun ga teku, mun ga baranda, mun ji sunan jirgin da sunan kowane gari da kuka tsaya. Roƙona ɗaya ne: kafin ku sauka, a turo mana sunan yaron.

Wanda ya taɓa aikin jirgi a cikinku ya zo ya ƙara mana haske. Allah Ya ba kowa halaliyarsa, Ya sa mu dace.